Ƙurar Hunturu da Fuskar Gilashi: Binciken da Ke Jiran Sharaɗa, Challawa da Bompai

 

Mai girma shugaban taro, iyayenmu malamai, alhazai masu masana'antu da injiniyoyinsu, ƙannena ɗalibai maza da mata.

An nemi in yi magana a kan binciken da ake yi don samar da gilashi mai ƙarko, wanda ba ya kartuwa da wuri, da kuma siraran shafe-shafen da ake yi masa a fuska. Na san ba a rasa mai cewa ina ruwan Kano da wannan, alhali gilashin tagarmu da na wayarmu duk kawo mana su ake yi? To, ya leƙa Challawa. A watan Janairun 2023 aka buɗe tashar wutar sola mai ƙarfin megawat 10 a can, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, da faranti sama da 21,000 shimfiɗe a rana. A 2019 an buɗe ta Jami'ar Bayero mai megawat 7.1. Ga kuma waɗanda ke kan rufin kamfanoni da kasuwanni da gidajenmu, kullum ƙaruwa suke. Kowane faranti kuwa gilashi ne a samansa, galibi mai kaurin milimita 3.2, kuma duk hasken da zai zama wuta sai ya ratsa ta cikinsa. In gilashin nan ya dusashe, kuɗin da aka zuba ya dusashe tare da shi.

Bari mu faro daga shi gilashin. Yashi ne, da gishirin soda wanda danginsu ɗaya da kanwa, da dutsen farar ƙasa. A haɗa su a narka a zafin da ya kai digiri 1500 a ma'aunin salshiyos. Bisa lissafin ƙarfin da ke ɗaure ƙwayoyin zarrarsa, ya kamata a ce gilashi ya fi yadda muka san shi ƙarfi kusan sau 100. Me ya sa yake fashewa da ɗan bugu? Wani injiniya ɗan Ingila, A. A. Griffith, shi ya warware wannan a cikin aikinsa da aka buga a 1921. Ya ja narkakken gilashi ya mai da shi zare, ya ga cewa gwargwadon sirancin zaren da sabuntarsa, gwargwadon nauyin da yake iya ɗauka. Sai ya gane cewa raunin gilashi a fuskarsa yake. Akwai 'yan tsage-tsage da ido ba ya gani, kuma idan aka danna gilashin ko aka lanƙwasa shi, nauyin duka a bakin tsagar yake taruwa har ta buɗe ta ratsa. Mai yankan gilashi ya san wannan da hannunsa: zane ɗaya yake ja da daimon, ya ɗan danna, gilashin ya rabu a kan layin. Saboda haka duk lokacin da gilashi ya karce, ba kyaunsa kaɗai ya ragu ba, an shata masa inda zai dare nan gaba.

Me ke kartar gilashi? A 1812 wani masanin ma'adinai Bajamushe, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai 10 bisa tauri, ta yadda na sama ke kartar na ƙasa. Daimon ne na 10, yakutu na 9. Farcen mutum yana wajen 2.5, gilashin taga wajen 5.5. Na 7 kuwa shi ne kuwaz, farin dutsen nan na ƙanƙara, wanda shi ne yawancin ƙwayar yashi. Mutane suna zargin makulli da kwabbai idan fuskar waya ta karce a aljihu, alhali yawancinsu ba su kai gilashi tauri ba. Ƙwayar yashin da ta maƙale a ɗinkin aljihun ita ce mai laifin.

Nan ne maganar ta zo gida. Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso mana ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda tsohon gadon Tafkin Chadi ne, kuma masana suna ɗaukarsa wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. Wani masani, Grant McTainsh, ya tara ƙurar hunturun da ke sauka a yankin Kano ya auna ta, aka buga sakamakon a mujallar Nature a 1980. Aune-aunen da aka yi wa ƙurar nan sun nuna kuwaz ne ya fi yawa a cikin ma'adinanta. Ke nan hazon da ke kwanta mana a kan gilashin mota da safe ya fi gilashin tauri. Direban da ya kunna waifa a bushe, da yaron da ya sa busasshen tsumma ya goge farantin sola, da malamin da ya goge tabarau da gefen babbar riga, duk gurzar gilashin suke yi da garin dutse. Sau ɗaya ba a ganin komai. Bayan hunturu biyu ko uku sai mutum ya ji fitilar mota mai zuwa tana watsuwa a idonsa da dare.

Ina so in ja kunnen masu saye da sayar da wayoyi a Farm Centre da titin Beirut game da wani rubutu. Kusan kowane kwalin gilashin kare fuskar waya za ku ga an buga masa 9H. Mutane da yawa sun ɗauka 9 ɗin Mohs ce, wato taurin yakutu. Ba ita ba ce. Gwajin fensir ne da masu fenti ke yi: a gurza fensir mafi tauri, mai lamba 9H, a ga ko zai bar zane. Gilashin taga ma yana cin wannan jarrabawa. Gilashin kariyar yana da amfaninsa, domin shi ke ɗaukar ƙwarzanen, kuma canja shi ya fi canja fuskar waya araha. Amma kada a sayar wa mutum shi da sunan yashi ba zai karce shi ba.

To, tun da ba a iya hana tsaga samuwa, sai masu bincike suka koma neman hana ta buɗewa. Dabarar ita ce a sa fuskar gilashin ta zauna a matse. Hanya ta farko da wuta ake yi: a dumama gilashi ya haura digiri 600, a feso masa iska mai sanyi. Waje ya riga ciki daskarewa, in cikin ya zo tsukewa sai ya jawo wajen ya matse shi. Irin wannan gilashi ya fi na yau da kullum ƙarfi sau 4 zuwa 5, in ya fashe kuma sai ya wargaje ƙanana-ƙanana maimakon ya yi kaifi. Shi ne a tagogin gefen mota, shi ne a kan farantin sola. Sharaɗinsa, a gama yanka da huji kafin a gasa, domin bayan nan ba ya yankuwa.

Gilashin waya bai kai milimita 1 ba, ya yi sirancin da wannan hanya ba ta yi masa. Sai hanya ta biyu, wadda kamfanin Corning na Amurka ya fito da ita tun 1962, ta daɗe ba ta sami babbar kasuwa ba, sai da wayar iPhone ta zo a 2007 aka farfaɗo da ita, aka kira gilashin Gorilla Glass. Ana tsoma gilashi a cikin narkakken gishirin fotasiyam mai zafin digiri 400 ko kusa da haka, na tsawon sa'o'i. Ƙwayoyin sodiyam da ke fuskar gilashin su fita, na fotasiyam waɗanda suka fi su girma su shiga gurbinsu. Ku ɗauka benci ne ya cika da yara, aka riƙa zare yaro ana cusa ƙato a wurinsa. Bencin zai matse har ba inda za a soka hannu. Haka fuskar gilashin take zama, kuma zurfin wannan matsi bai kai kaurin gashin kai ba. Ku lura da abu guda: wannan aiki bai ƙara wa gilashin wani tauri na a zo a gani ba. Har yanzu bai kai 7 ba, yashi yana kartarsa. Abin da aka samu shi ne ƙwarzanen ba ya saurin zama tsaga.

Gilashin da ya fi karɓar wannan tsomi shi ne mai sinadarin alumina da yawa. Ina jin daɗin faɗin wannan, domin binciken da Abidemi Babatunde Babalola ya yi a Igbo Olokun da ke Ile-Ife, wanda aka buga a mujallar Antiquity a 2017, ya tabbatar da cewa tsakanin ƙarni na 11 da na 15 mutanen Ife suna narka gilashinsu da kayan ƙasarsu, kuma gilashin nasu mai alumina da yawa ne, na daban da na sauran duniya. Masagan Bida ma sun narka yashi da kanwa sun yi awarwaro da duwatsun wuya. Ba wayar hannu suka yi ba, amma sun san ƙasarsu, sun san abin da za ta iya ba su.

Wani zai ce, to a yi fuskar waya da yakutu mana, tun da shi ne na 9. An gwada. Ana narka shi a masana'anta, yana kan agogo masu tsada da idon kyamarar wasu wayoyi. Amma sai zafi ya haura digiri 2000 yake narkewa, yankansa da gogarsa aiki ne ja, ya fi gilashi nauyi, kuma taurinsa bai hana shi fashewa in ya faɗi ba. Kamfanin GT Advanced Technologies, da ya ƙulla yarjejeniya da Apple don yin yakutu a jihar Arizona, ya karye a watan Oktoban 2014. Dalili ke nan da ya sa hankali ya fi karkata ga shafe: a bar jikin gilashi mai araha yadda yake, a gyara fuskarsa kawai.

Shafen gilashi ba baƙon abu ba ne a Kano. Iyayenmu mata da suka yi jere da langa da fanteka da kwalla, gilashi suka jera. Abin da ke ƙyalli a jikin kwanukan nan garin gilashi ne da aka dama, aka tsoma ƙarfe a ciki, aka gasa a zafin da ya kai digiri 800 har ya narke ya manne. A shekarun 1960, lokacin da Bompai ke tashe, 'yan kasuwa daga Hong Kong sun kafa masana'antun irin waɗannan kwanuka a garin nan, kuma 'ya'yan Kano ne suka tsaya a bakin tanderun. Wanda ya yi wannan aiki ya san abubuwa uku da har gobe su ne ginshiƙin ilimin shafe. In ba a wanke ƙarfen ya fita tas ba, shafen ba zai kama ba. In gashin bai yi daidai ba, zai yi ƙuraje. In kuma ƙarfen da gilashin ba su tsuke tare yadda ya kamata wajen hucewa ba, zai ɓantare, tsatsa ta shiga. Majemun Challawa da Sharaɗa su ma suna fesa wa fata shafen ƙarshe, su gwada ko zai jure guga. Hannun yana nan. Bambancin na yau shi ne siranci.

Ana auna siririn shafe da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Gashin kai yana da kaurin nanomita 50,000 zuwa 100,000. Shafen da ke hana ƙyalli a kan tabarau kuwa wajen nanomita 100 ne. Kowace fuskar gilashi tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta. In aka shimfiɗa wani sinadari mai kaurin rubu'in tsawon igiyar haske, sai hasken da ya dawo daga saman shafen da wanda ya dawo daga ƙarƙashinsa su yi karo su kashe juna, abin da zai tafi a ƙyalli ya shige ciki. Alexander Smakula ya yi wa wannan dabara rajista a kamfanin Zeiss na Jamus a 1935, Katharine Blodgett kuma ta fito da tata hanyar a kamfanin General Electric a 1938. A manyan masana'antu ana yin shafen ne a cikin ɗakin ƙarfe da aka zuƙe iskarsa, a harbi sinadarin da ƙwayoyin gas har ya riƙa sauka a kan gilashi ƙwaya-ƙwaya. Da haka ake shimfiɗa azurfar da ke mayar da zafin rana daga tagogin manyan gine-gine, da wani nau'in gawayi mai kama da daimon a tauri.

Gilashin sola ma ana yi masa shafen hana ƙyalli, na silika mai ƙananan ƙofofi, yana ƙara hasken da ke shiga da kashi 2 zuwa 3 cikin 100. A tasha mai megawat 10 wannan kuɗi ne na gaske. Sai dai ƙofofin da suka sa shi aiki su suka sa shi rashin ƙwari. Ana sayar da faranti da alkawarin shekara 25, amma shafen nanomita 100 da ake gurza wa garin kuwaz da buroshi duk mako ba shi da wannan alkawari. Wuyar al'amarin ita ce in an bar ƙura wuta ta ragu, in an goge ba bisa ƙa'ida ba shafen ya tafi, daga baya gilashin kansa ya dusashe.

Za a kawo muku maganin da aka yi don wata ƙasa. Misali, a 2001 kamfanin Pilkington na Ingila ya fito da gilashi mai wanke kansa. An shafa masa sinadarin titaniya, wanda hasken rana ke sa shi ya ruɓar da maiƙo da dattin da ya manne, sannan ruwan sama ya zo ya shimfiɗu ya wanke. Dabara ce mai kyau ga ƙasar da ake ruwa a kowane wata. Mu kuwa daga Oktoba zuwa Mayu ba ma sa ran ruwan kirki, a daidai lokacin da ƙura ta fi yawa, kuma titaniya ba ta ruɓar da dutse. Akwai kuma shafe mai korar ruwa da maiƙo, irin wanda ke sa fuskar sabuwar waya santsi. Kowa ya ga yadda santsin nan ke gushewa cikin watanni, ga shi zafin rana yana cinye irinsa. Ƙasashen Katar da Maroko sun gane haka, suka kafa filayen gwaji a Doha da Ben Gerir, inda ake baje gilasai iri-iri a rana da ƙura ana auna su shekara da shekaru. Ƙurarsu daban ce da tamu, raɓarsu da zafinsu ma daban.

Ba ina kiran a gina tanderun gilashin taga a Sharaɗa gobe ba ne. Tun da Alastair Pilkington ya fito da hanyar malala narkakken gilashi a kan narkakkiyar kuza a 1959, masana'antar gilashin taga ta zama ta manya: tana narka ɗaruruwan tan a rana, kuma in aka kunna tanderun ba a kashe shi sai bayan shekara 10 ko fiye. Kun fi ni sanin halin da wuta take ciki a unguwannin nan, kun san kamfanoni nawa suka rufe tun daga shekarun 1980. Sai dai in bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ya soma kawo gas ba yankewa, a sake zama a yi lissafi.

Abin da ke hannunmu yanzu shi ne gwaji, kuma ba ya cin kuɗi da yawa. Malamanmu sun yi ƙoƙari wajen auna yadda ƙura ke rage wutar sola. Abin da nake kira gare shi ya zarce nan: a bi lafiyar fuskar gilashin kanta tsawon shekaru. A yanka gilasai ƙanana, masu shafe da marasa shafe, a jera su a rufin wani kamfani a Bompai, wani a Sharaɗa, wani a Challawa, domin hayaƙi da ƙurar kowace unguwa daban ne. Wasu a goge su da busasshen buroshi, wasu da tsumma, wasu a kwarara musu ruwan burtsatse, wasu ruwan da aka tace, domin gishirin ruwan burtsatse yana barin farin tabo. Duk wata a auna hasken da ke ratsa su, a duba fuskarsu a na'urar ƙara girma. A tara ƙurar a kai Cibiyar Binciken Makamashi ta Zariya, inda na'urar nukiliyarsu ke aiki tun 2004, a san sinadaran da ke cikinta. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashe sukutum na fasahar gilashi, ga Jami'ar Bayero da Jami'ar Aliko Dangote ta Wudil da masana fiziya da kimiyyar sinadarai. Wanda ya tara irin waɗannan alƙaluma na shekara 5, shi zai gaya wa mai shigo da faranti wanda zai saya, kuma kamfanonin waje su za su zo neman a gwada musu kayansu a wurinsa. Kamfanin da ke yin Tecno da Itel da Infinix ya kama kasuwar Afirka ne saboda ya zauna ya nazarci bukatun mutanenta.

Bayan gwaji sai haɗa shafen kansa. Akwai hanyar da ba ta bukatar ɗakin da aka zuƙe iska: a haɗa ruwan silika, a tsoma gilashi a zaro shi a hankali, a gasa. Ɗakin gwaji na jami'a yana iya yin wannan. Silikar ma tana kusa. Ɓuntun shinkafar da injinan casa ke tarawa tsibi-tsibi a Kura da cikin garin nan, in aka ƙona shi a tsanake, fiye da kashi 80 cikin 100 na tokarsa silika ce. Aikin ɗalibi shi ne ya nemo haɗin da zai ba da haske kuma ya jure guga, ko wanda za a iya sake shafa wa tsohon faranti a inda yake. Wannan kaɗai sana'a ce da za ta ci matasa da yawa nan da 'yan shekaru.

Akwai gargaɗin da ya zama dole a kaina. Kogin Challawa ya sha dagwalon majemu mai sinadarin kuromiyam, kuma manoma da masunta na bakinsa su suka ɗanɗana kuɗarsu. Aikin shafe ma yana da asid mai cin nama da sinadarai masu daɗewa a ruwa ba su ruɓe ba. Duk wanda zai fara, ya tanadi wurin tace ruwansa da kayan kare ma'aikatansa tun kafin ya sayi injin farko.

Alhazai na Ƙungiyar Masu Masana'antu, reshen Bompai da reshen Sharaɗa da Challawa, roƙona gare ku kaɗan ne: ku ba da wani lungu a rufin kamfanoninku, ku bar ɗaliban da ke zuwa muku koyon aiki su riƙa hawa suna aunawa, ku sa injiniya guda ya tsaya musu. Iyayenmu malamai, ku rubuta wannan aiki ku kai wa asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund da sa hannun kamfani a jikinsa. Masu wanke sola kuma, daga gobe ku ajiye busasshen tsumma, ku fara kwarara ruwa da sassafe kafin gilashi ya ɗau zafi, sannan ku sa buroshi mai laushi. Ina roƙon a jera gilasan gwajin nan a kan rufi kafin watan Nuwamba, don kada hunturu mai zuwa ya wuce ba a auna shi ba.

Allah Ya yi mana jagora.